Yara 11 a ajina ba su da takardar haihuwa, ƙofar wa za mu buga?

Malamin Iyaye, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta muhawararku ban tsoma baki ba, amma yau abin ya ci mini tuwo a ƙwarya, dole in yi magana.

Ni malami ne a wata makarantar firamare ta gwamnati a bayan garin Garwa, a arewacin Kamaru, cikin malaman nan da ƙungiyar iyaye ke biya daga aljihunta. Aji shida nake riƙe da shi, yara 74. Makon nan aka ce mu haɗa takardun waɗanda za su zana jarrabawar CEP, ta kammala firamare. Bayan an tashi na zauna ni kaɗai, na baje takardun a kan benci, na danne su da duwatsu saboda iskar hunturu, ina ƙirgawa. Na ƙirga har sau uku. Yara 11 ba su da takardar haihuwa, kuma an gaya mana in babu ita ba za a karɓi sunan yaro ba.

Cikin 11 ɗin nan akwai wata yarinya da ta fi kowa lissafi a ajin. Washegari ta zo mini da wata baƙar leda a ƙulle, ta kwance a hankali, ta fito da katin rigakafinta, ya tsufa har gefensa ya cinye. Ta ce, "Malam, inna ta ce wannan ba zai yi ba?" Na karɓa na jujjuya shi. Ga sunanta, ga watan da aka yi mata allurar farko. Wato hukuma ta san da ita ranar da ta zo yi mata allura, amma ranar jarrabawa ba ta san da ita ba. Na ce mata ta koma aji zan bincika. Har yanzu ban ba ta amsa ba.

Tun bayan zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Oktoba 2025 maganarmu a nan ɗaya ce: wa ya ci, wa aka ƙwace wa, wa ya gudu, wa ya zauna. Ban ce kada a yi ba. Amma ina so mu dubi wannan: yaron da ba shi da takardar haihuwa ba zai yi jarrabawa ba, in ya kai 18 ba zai sami katin ɗan ƙasa cikin sauƙi ba, in ya kai 20 da wuya ya yi katin zaɓe. Ashe tun yana cikin zanen goyo aka cire shi daga lissafin ƙasar. To ni tambayata, ƙofar wa za mu buga, kuma wa zai raka ni?

Baba Tela, Hausare:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka damu da 'ya'yan mutane. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Laifin iyaye ne. Mutum ya yanka ragon suna, ya raba goro, ya ɗinka wa mai jego atamfa, ni nake ɗinkawa na sani, amma ya kasa taka ƙafa zuwa ofishin magajin gari ya rubuta sunan ɗansa. Kyauta ne fa in aka je da wuri. 'Ya'yana tara, kowanne da takardarsa a cikin akwati. Kada mu riƙa jingina komai ga gwamnati.

Inna Ungozoma, wajen Pitowa:
Baba, da girmanka, amma kana magana ne daga cikin gari. Daga shagonka zuwa ofishin magajin gari tafiyar ƙafa ce. Zo ka ga inda nake karɓar haihuwa.

Shekara ta fi 20 ina wannan aiki. Yawancin matan da nake zuwa wurinsu a ɗaka suke haihuwa, cikin dare, da fitilar waya a hannun kishiya ko ƙanwar miji. In damina ce, mayo, wato rafi, ya cika, babu mai ƙetarawa sai ruwa ya janye. Miji yana gona ko ya tafi cin rani. Mace tana wankan jego kwana 40, ba ta fita. Ta gama ta tafi gidan iyayenta. Kafin wani ya tuna da takarda wata uku sun wuce.

Kuma ko an je ɗin, ba kullum ake samu ba. Na taɓa raka wani magidanci sau uku zuwa wani ƙaramin ofishin rajista. Zuwan farko aka ce littafi ya ƙare. Na biyu aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na uku aka ce ya kawo katin ɗan ƙasarsa, shi kuwa bai taɓa mallakarsa ba, don shi ma ba shi da takardar haihuwar. Kuɗin mashin da ya kashe a zuwa ukun nan ya isa ya sayi kwanon gero da yawa. Ya dube ni ya ce, "Inna, a bar shi, Allah ya raya." Yaron nan yanzu yana aji uku. Baba, wannan mutumin sakaci ya yi?

Baba Tela, Hausare:
Inna, na ji, kuma ban musa ba. Na ƙauye daban. Amma akwai na cikin gari da babu abin da ya hana su sai rashin ɗaukar abin da muhimmanci. A faɗa musu su ma.

Ɗan Mashin, Yelwa:
Malam ka yi haƙuri, ni fa na gaji. Ina da takardar haihuwa, ina da katin ɗan ƙasa, ina da katin zaɓe. Ranar 12 ga Oktoba tun asuba na ajiye mashin na hau layi. Na tsaya har dare aka ƙirga a gabanmu. Ranar 27 ga wata aka fito aka ce Paul Biya ya sami kashi 53.66, Issa Tchiroma 35.19. Mutumin da yake kan mulki tun 1982, ban ma zo duniya ba lokacin, ya shekara 92, an ba shi wasu bakwai. An rasa rayuka a Garwa, an rasa a Duwala, an kwashe matasa. To takardun nan uku da nake da su me suka tsinana mini? Ka samo wa yarinyar takarda ta girma ta zo ta hau layin da na hau?

Litar mai da muke saye sefa 630 a gidan mai ta koma 730 a 2023, ta koma 840 a 2024. Zuwa-zuwa, man Najeriya na bayan fage da muke rufa wa kanmu asiri da shi, tun da Najeriya ta cire tallafi shi ma ya tashi. Wannan ne ke gabana, ba littafin rajista ba.

Malamin Iyaye, Garwa:
Ƙanena, ban raina ciwon da ke ranka ba, ni ma na hau layin. Amma yarinyar nan ba don zaɓe kaɗai take bukatar takarda ba. In ba ta yi jarrabawa bana ba, na san abin da zai biyo baya, na gani ba sau ɗaya ba: za ta maimaita aji, badi ma babu takarda, sai a ce zaman me take yi, a ɗaura mata aure. Shekararta 12.

Ɗalibar Shari'a, Ngaundare:
Salamu alaikum. Bari in ɗan sa abin da na sani, ko zai yi amfani.

Wa'adin da doka ta bayar na kai sanarwar haihuwa kwana 90 ne, kuma a cikin wa'adin ba a biyan kuɗin takardar. Magajin gari da mataimakansa su ne jami'an rajista a ƙaramar hukuma, sannan akwai ƙananan ofisoshi a wasu garuruwa da unguwanni. In yaro ya girma kamar ɗaliban Malam, sai ta hanyar kotu: alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin sanarwar da ba a yi ba, a kai hukuncin wurin magajin gari ya rubuta takarda. Kafin nan ana neman takardar likita mai ƙiyasta shekarun yaro, da shaidar cewa ba a taɓa rubuta shi ba, da shaidu, da kan sarki. A nan kuɗi da zirga-zirga suke cinye talaka. Amma akwai hanyar da ta fi sauƙi, ana kuma yin ta: kotu ta tashi ta zo gari ta zauna, a gabatar da yara da yawa rana ɗaya. Galibi magajin gari ne ke nema, a sa kuɗin a kasafin ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya ta taimaka.

Sai abu na biyu, wanda nake ganin yawancinmu ba mu sani ba. Dokar ƙananan hukumomi da yankuna ta Disamba 2019 ta ce duk mazaunin ƙaramar hukuma ko mai biyan haraji a cikinta yana da ikon neman a nuna masa kasafin kuɗi, da lissafin abin da aka kashe, da rubutaccen bayanin zaman majalisar kansiloli, har ya yi kwafi da kuɗinsa. Zaman majalisar kuma a buɗe yake ga jama'a. Yaya Ɗan Mashin, harajin da kake biya a kan mashin ɗinka, da kuɗin rumfa da Baba yake biya, wani kaso nasu can yake shiga. Ka taɓa ganin takardar da ta nuna inda suka tafi?

Ɗan Mashin, Yelwa:
Ban taɓa ba. Kuma in na je da silifa da hular kwano a hannu, mai gadi ma ba zai bar ni in wuce ƙofa ba.

Ɗalibar Shari'a, Ngaundare:
Kai kaɗai, wataƙila. Ku 15 da wasiƙa a rubuce, da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku tafi da ita, wannan wani abu ne daban.

Mai Goro, Birkitiri Yawunde:
Ku daina zagaye-zagaye. Ni ina zaune a Yawunde shekara 18, ina gani da idona. An mai da Arewa saniyar ware ne da gangan. Jirgin ƙasa ya zo Ngaundare tun 1974 ya tsaya, ko taku ɗaya bai ƙara ba. Hanyar Ngaundare zuwa Garwa duk wanda ya bi ta da lodin kaya ya san abin da gadon bayansa ya ji. Ta Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri tun da aka sace ma'aikatan China a Waza a 2014 ake ta fara aiki ana tsayawa. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982, megawat 72, ita ce har yau ƙashin bayan wutar yankuna uku, in ruwa ya ja baya kowa ya kwana a duhu. An gama madatsar Nachtigal mai megawat 420 a kudu, amma layin da zai haɗa mu da ita bai iso ba. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna a Arewa Mai Nisa kusan mutum bakwai cikin goma talakawa ne, alhali a ƙasa baki ɗaya ba su kai huɗu cikin goma ba. Ahidjo ɗan Garwa, shugaban ƙasa na farko, ya rasu a Dakar a 1989, har yau kabarinsa yana can. 'Yan kudu ba sa son mu ƙirgu, shi ya sa ba sa son mu yi takarda. Magana ta ƙare.

Manomin Auduga, Gidar:
Alhaji, abin da ka lissafa na hanya da wuta gaskiya ne, babu mai ja. Amma inda ka ce 'yan kudu, a nan na rabu da kai.

Wa ya riƙe kujerar shugaban majalisar dokoki tun 1992, shekara fiye da 30? Cavaye Yeguie Djibril, ɗan Mayo-Sava. Bello Bouba Maigari ya yi firaminista, Luc Ayang ya yi, Sadou Hayatou ɗan Garwa ya yi. Shi kansa Tchiroma da muka fito dominsa, shekaru nawa ya yi yana minista, yana kare gwamnatin nan a rediyo da talabijin? Ba ina zagin kowa ba ne. Ina cewa ne 'ya'yanmu sun zauna a manyan kujeru, kuma yaran ƙauyukansu suna nan babu takarda. Magajin garin da littafin rajista ya ƙare a ofishinsa ba daga kudu aka kawo shi ba, tare muke sallar Juma'a. Ita kuma matar da ke sayar da rogo a ƙauyen Gabas, ko wanda yaƙi ya kora daga Bamenda, wahalarsu da tamu uwa ɗaya uba ɗaya.

In muka ce Arewa da Kudu, manyanmu sun ji daɗi, don sun sami inda za su ɓuya. Kowane zaɓe su zo da buhun shinkafa da atamfa mai hoto, su ce ku ba mu ƙuri'a mu je mu karɓo wa Arewa rabonta. Rabon yana zuwa, a gidajensu yake sauka.

Mai Goro, Birkitiri Yawunde:
To ai su ma yaran Yawunde ne, can aka naɗa su, can suke kallo.

Manomin Auduga, Gidar:
Shi ya sa nake cewa mu fara da wanda hannunmu zai kai gare shi. Minista ba zan gan shi ba har in mutu. Kansilan unguwarmu kuwa na san gidansa, na san inda yake shan shayi.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a ci gaba, amma a kiyaye. Na goge saƙo biyu da suka zagi wata ƙabila. A zauren nan akwai Bahaushe, akwai Bafulatani, akwai Kotoko, Musgum, Tupuri, Shuwa, akwai Musulmi akwai Kirista. Wanda ya sake zan fitar da shi.

Tsohon Akawu, Marwa:
Na yi shiru ina karantawa, don ni na zauna a bayan teburin da kuke magana a kai. Shekara 14 na yi ina rubuta takardun haihuwa a wata ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya. Bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki, ba don in wanke kowa ba.

Littafin rajista ba a kasuwa ake sayensa ba. Sai an kawo, sannan a kai kotu shugabanta ya sa hannu ya ƙirga shafuka kafin a fara rubutu a ciki. In ya ƙare a watan takwas kuma ba a tanadi wani ba, sai mu riƙa rubuta sunayen jarirai a takardar makaranta muna ajiyewa a aljihun tebur, muna cewa iyaye su dawo. Wasu su dawo, da yawa ba sa dawowa. Wata shekara gara ta shiga kabad ɗinmu ta cinye littattafan shekara uku. Na buɗe da safe na ga ƙasa ja a maimakon shafuka, na zauna na rasa abin da zan ce. Mutanen da ke cikin littattafan nan, duk wanda takardarsa ta ɓata a gida, ba shi da inda zai koma.

Masu riƙe da ƙananan ofisoshi na ƙauye kuma, waɗanda na sani, babu wani albashin kirki da suke gani. Mutum ya bar gonarsa ya zauna yana rubutu, to sai ya ce a ba shi na goro. Daga nan abin da doka ta ce kyauta ne ya zama na kuɗi, talaka kuma ya ɗauka haka dokar take. Ban ce daidai ba ne. Na ce ga inda ɓarakar take.

Maganar kuɗi: dokar 2019 da 'yata Ɗaliba ta ambata ta ce kason da za a ware wa ƙananan hukumomi da yankuna daga kuɗin shigar ƙasa kada ya gaza kashi 15 cikin 100. Magadan gari da kansu suna kukan abin da ke isowa bai kai haka ba, kuma yana zuwa a makare. Wannan laifin sama ne. Amma ɗan abin da ya iso fa? A zaman kasafi na ga ana awa biyu a kan kuɗin zaman kansiloli da man motar magajin gari, layin rajistar haihuwa kuwa a wuce shi cikin minti ɗaya. A shekara 14 ban taɓa ganin mutumin gari ko ɗaya ya zo ya zauna a bencin baya yana saurare ba. Ko ɗaya. Da akwai idon mutane a ɗakin nan, wallahi da wasu abubuwan ba a yi su ba.

Ɗan Mashin, Yelwa:
Baba Akawu, kansilolin nan ma ai tun Fabrairu 2020 aka zaɓe su, wa'adinsu ya ƙare aka ƙara musu daga sama. Wanda bai ji tsoron ƙuri'ata ba zai ji tsoron zamana a benci?

Tsohon Akawu, Marwa:
Ɗana, ba tsoro ba ne, kunya ce. Minista bai san fuskarka ba. Kansila kuwa gobe zai haɗu da kai a jana'iza, matarsa za ta haɗu da matarka a gidan biki. Kuma ko an ja zaɓen, zai zo, shi ma ya sani.

'Yar Kuseri:
Ku ƙara da namu. Ambaliyar 2024 da ta ci Yagwa da Maga da nan bakin Logone, ruwa ya shiga ɗakinmu cikin dare har gwiwa. Na ɗauki yara, maigida ya ɗauki buhun dawa. Jakar takardu tana ƙarƙashin gado. Da muka dawo muka same su sun manne sun zama dunƙule ɗaya, tawada ta zube. Na shanya su a rana ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, biyu suka karantu, uku ba su karantu ba. Waɗanda kuma suka tsere zuwa Cadi lokacin rikicin Logone-Birni a Disamba 2021, da yawa gidajensu ƙonewa suka yi da komai a ciki. Ga na Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Boko Haram ta raba da garuruwansu. Waɗannan ba sakaci suka yi ba, sun yi takarda, ta salwanta.

Kuma a nan bakin iyaka rashin takarda ba jarrabawa kaɗai yake hanawa ba. A kowane shinge sai a ce kai ɗan Cadi ne ko ɗan Najeriya, musamman in Hausa ce a bakinka. Ƙanena an sauke shi daga mota ba sau ɗaya ba, a ƙasar da aka haifi kakansa. Sabon katin ɗan ƙasa jaka 10 ne yanzu, wato sefa dubu goma, kuma ko kana da kuɗin, takardar haihuwa za a fara tambayarka.

Hajiya Mai Atamfa, Garwa:
Malam, ni ban iya doguwar magana ba. Yarinyar nan mai katin rigakafi, nawa ne kuɗin kotun? Na ɗauki nauyinta, da wasu biyu. Ka same ni ta akwatin sirri.

Manomin Auduga, Gidar:
Allah ya saka wa Hajiya, ya ƙara buɗi. Amma ina roƙon kada abin ya tsaya a nan. In muka biya wa 11 muka yi shiru, badi wasu 11 za su taso, kuma mun koya wa hukuma cewa aikinta akwai masu yi mata. Haƙƙi ne, ba sadaka ba.

Inna Ungozoma, wajen Pitowa:
Ɗana, yarinya ba za ta jira mu gama gyara ƙasa ba. A biya mata yau, gobe a je wurin magajin gari. Hannu biyu Allah ya ba mu.

Manomin Auduga, Gidar:
Na yarda Inna. Tsorona kawai kada na biyun ya mutu da zarar na farkon ya yi.

Baba Tela, Hausare:
Ni shawarata a bi ta hannun manya. A je wa mai unguwa, shi ya kai wa lamido, lamido ya kira magajin gari. In yara suka tafi ofis da wasiƙa a wannan yanayin da ake ciki, za a ce 'yan adawa ne, a kwashe su. Na ga abin da ya faru a watan Oktoba, ba na son in sake zuwa gaisuwar ɗan kowa.

Ɗalibar Shari'a, Ngaundare:
Baba, tsoronka yana kan hanya, kuma ban ce a tsallake sarakuna ba. Amma mu san matsayinsu. Tun dokar 1977 sarakunan gargajiya mataimakan hukuma ne, kuma tun 2013 gwamnati ke biyansu duk wata: jaka 200 ga mai daraja ta ɗaya, 100 ga ta biyu, 50 ga ta uku. Wanda ake biya ba kullum yake iya ɗaga murya ba. A je musu don albarka da shaida, su ne ma suka fi kowa sanin ɗan wa aka haifa a gidan wa. Amma wasiƙar ta tafi da sunan iyayen yara, a kan maganar yara kaɗai. Babu tutar jam'iyya, babu taro a titi, babu sunan ɗan takara. Iyaye suna neman a kawo kotu makaranta, suna neman a nuna musu nawa aka ware wa rajistar haihuwa bana. Babu dokar da wannan ya taka.

Tsohon Akawu, Marwa:
Ku ƙara abu ɗaya a wasiƙar: a ba ungozomomi da limamai da fastoci takardar sanarwa su riƙa cikewa. Liman yana wurin kowane suna ranar bakwai. In ya rubuta sunan jariri da na iyaye da ranar haihuwa a wurin, mai unguwa ya tattara ya kai duk ƙarshen wata, an rufe ƙofar matsalar daga tushe. Na taɓa kawo wannan shawara ina aiki, aka ce za a duba.

Inna Ungozoma, wajen Pitowa:
Ni ban yi boko ba amma ina rubuta ajami, kuma jikata tana rubuta Faransanci. A ba mu takardar a gani.

Malamin Iyaye, Garwa:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin zai kai haka ba. Ga inda muka tsaya. Yau da yamma na yi magana da malamai biyu na makarantun da ke kusa da mu, ɗaya yana da yara 8, ɗaya 19. Mun zama 38 ke nan. Gobe zan bi gidajen nawa 11 in ji wanda yake da katin rigakafi ko takardar asibiti, da wanda zai tsaya shaida. Hajiya, zan same ki, amma sai na fara zuwa kotu na ji ainihin kuɗin daga bakin magatakarda, a rubuce, don kada a faɗa mana na baki. 'Yar'uwa Ɗaliba, ki rubuta mana wasiƙar da Faransanci, ki turo da fassarar Hausa don iyaye su san abin da suke dangwala wa hannu. Baba Akawu ya duba ta kafin a buga.

Baba Tela, ina roƙonka da girman Allah ka raka mu wurin mai unguwa ranar Asabar bayan la'asar. In da furfura a gaba za a saurare mu.

Baba Tela, Hausare:
Zan zo. Amma a bar ni in fara magana, yara su yi shiru sai an tambaye su.

Ɗan Mashin, Yelwa:
Ni har yanzu ban yarda wani abu zai canza a sama ba. Amma Malam, gidajen nan 11 suna da nisa da juna, kada ka bi su da ƙafa. Ƙarfe nawa kake tashi daga makaranta? Zan zo in ɗauke ka, ka sa mai kawai.

'Yar Kuseri:
In kun gama wasiƙar ku sako ta nan yadda take. Akwai malama a unguwarmu da na karanta wa muhawarar nan, ta ce za ta ƙirga nata ajin ranar Litinin.